Injin da Ya Hutar da Gwaggo

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, babbar damuwar gidanmu a Tasawa ita ce wane inji za a kawo mini. Ba wasa nake ba. Mutane na ba da akuya a kan ƴan kwanonin hatsi, mu kuwa muna zaman shawara bayan magariba kamar mu aka damƙa wa ƙasar.

Yayana ne ya jawo. Ɗan kasuwa ne mai zuwa Kano saro kaya. Ya ga ina yin alkaki da dubulan da gato, wato kek, ina kai wa matan manya, ya ce zai kawo mini inji kyauta, in zaɓa. Akwai mai niƙa, mai wuƙaƙe a ciki, a zuba masa ƙwaya ya mai da ita gari. Akwai kuma mai kwaɓi, wani ƙaton kwano da hannun ƙarfe yana juya fulawa. Guda ɗaya tak, ya ce, don ba zai tsaya yi wa ƴan duwan, masu karɓar harajin kaya a kan iyaka, bayanin biyu ba.

Ni tun bai rufe baki ba na zaɓa. Mai kwaɓi nake so. Kwaɓin dubulan ya cinye mini wuyan hannu, in na gama sai in kasa ɗaukar ko buta. Amma ni wace ce a cikin maganar? Mai hannun kawai.

Maigidana sakatare ne a biron komanda, wato ofishin mai mulkin yankin, lokacin mulkin soji. Mutumin kirki ne, wallahi, ko kaza ba ya son ya ga ta wahala. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da rediyo ta faɗa da safe, kafin azahar ya zama ra'ayinsa tun na haihuwa. Rediyo ta ce ci gaba, ta ce a rage wa matan karkara wahala. Ya waiga tsakar gida ya ga matar karkara ɗaya da Allah ya hore masa tana ɗaga taɓarya, tausayi ya rufe shi.

Gwaggota ce, ƙanwar babana, daga Attantane can wajen Mayahi. Ta zo ne bayan shuka ta biyu ta mutu. Ta ce ganina ta zo yi, na ce to. A gida ta baro matar ɗanta da jikoki, ɗan kuma ya tafi kudu cin rani, shiru kake ji. Mace ce mai kunyar suruki irin ta da. Ba ta haɗa ido da maigidana, ba ta kiran sunansa, in ta ji takalminsa a zaure sai ta shige ɗaki. Irin wannan ba ta zama tana cin tuwon suruki a banza, ko da yunwa za ta kayar da ita. Washegarin zuwanta ta ɗauki taɓarya. Ita ke surfen geron gida, ita ke surfa alkamar da nake alkaki da ita, ta ɓarza mini. Da wannan ta halatta wa kanta ƙwaryar tuwo.

A wurinmu duk wadda ta yi surfe, dusar tata ce. Ba a roƙa, ba a godiya, maigida ma bai san da ita ba, harkar mata ce. Shekarar ƙoshi akuya ake zuba wa. Gwaggo kuwa shanya tata take yi, ta tara a buhu, ranar kasuwa ta ba wani direban Mayahi ya sauke mata a gida. Na san babu sauran akuya ko ɗaya a gidan nata. Don haka in na zo bakace sai hannuna ya yi nauyi, tsaki da ƙwaya su bi dusa su tafi. Ita ba ta gani ba, ni ma ban gani ba. Da haka jikokinta suke kwana da wani abu a ciki.

Sai ga mai tausayi ya ce mai niƙa za a kawo, Gwaggo ta huta.

Na faɗa masa a fili, ban yi kwana-kwana ba. Na ce in ka karɓe mata turmi ka karɓe mata dusa, ka kuma karɓe mata dalilin zama. Ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce dusa? Shi da zai iya ba ta buhun gero sukutum? Na ce ba za ta karɓa daga hannun suruki ba. Ya ce irin waɗannan al'adun ne suka hana ƙasa tafiya gaba. Ni ban san dusar Gwaggo ce ta riƙe wa ƙasa ƙafa ba sai ranar.

Har abokansa ya tara a kan maganar, wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da wani ma'aikacin gidan waya, mutanen da ko muciya ba su san ta ina ake riƙe ta ba. Suka shanye mini shayi, suka cinye dubulan faranti guda, suka yanke cewa mai niƙa ya fi amfani ga al'umma. Ina bayan labule ina jin su, raina kamar ya fashe. Da safe mijin nawa ya aika wa yayana, shi kuma ya ga maganar maigida ce, ya bi.

Ranar da inji ya iso, maƙwabta suka cika gida. Muka zauna muna kallonsa a kan tabarma kamar jaririn da aka haifa, don kuran, wutar lantarki, ba ya zuwa sai rana ta faɗi. Da fitila ta kama, maigida da kansa ya zuba alkama, ba surfe ba komai. Abin ya yi ƙara, yara suka watse, warin roba ya tashi, aka buɗe aka ga gari ja-ja-ja, dusa da ƙwaya duk sun zama ɗaya. Na ce to ina dusar? Ya ce ai nan ne ilmin yake, Nasara sun gano duk lafiyar hatsi tana cikin dusa. Na ce a raina jikokin Gwaggo sun riga Nasara ganowa.

Ya sa aka kife turmi aka kai ɗakin ajiya. Geron tuwo kuma ya ce daga yau injin bakin kasuwa za a riƙa kaiwa, kada ya ƙara jin daka a gidansa, matar komanda na iya zuwa ganin inji kowane lokaci. Sannan ya tsaya a tsakar gida yana fuskantar bango, don ya san ladabi, ya ce da ni, “Ki gaya wa Gwaggo daga yau ta huta.”

Tana ɗaki, ta ji da kunnenta. Ta ce in ce masa Allah ya saka.

Da ya tafi biro washegari na mirgino turmin na ajiye mata a inuwa. Na ce Gwaggo, ba ya dawowa sai azahar, wa zai sani? Ta dubi turmin, ta dube ni.

“Ɗiyata, in yi satar aiki a gidan surukina? Mai da shi inda aka ce.”

Na mayar ina kuka. Ƴan kwanakin da suka biyo ta zauna a kan tabarma tana hutawa, kamar yadda aka umarta. In na kai tuwo ta gutsura kaɗan ta turo, ta ce ciki ne ba ya karɓa. Na cusa mata gero a kayanta, ta fito da shi ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina. Ranar kasuwa ta ɗaure ƙunshinta ta ce damina ta kusa, gara ta je ta duba gona. Ko gajimare babu a sama. Na raka ta tasha, soji suka zazzage ƙunshin a shinge ko ta ɓoye hatsi, ba su samu komai ba sai zanenta da carbi.

Maigida ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce shi bai ga abin da aka yi mata ba, ga hutu ga inuwa. Na bi ta hannun babana, aka sami buhun gero da za a aika wa Gwaggo da sunansa, tunda na ɗan'uwa ba ta da hujjar ƙinsa. Kafin a haɗa wannan an ɗauki lokaci. Na ba direban nan na Mayahi, na roƙe shi ya sauke a hannunta.

Kasuwa ta zagayo ya dawo mini da buhun a ɗaure yadda na ba shi. Ya ce ya tarar an toshe ƙofar gidan da ƙaya. Maƙwabta sun ce ta kwashi yaran da uwarsu sun yi kudu a ƙasa, ba su faɗi gari ba. Shekaru na yi ina tambayar duk wanda ya fito ta wajen Katsina, ba wanda ya gan ta.

Buhun kuwa, mu muka cinye shi.