Dutsen da Muka Ja Zuwa Gindin Tsamiya

A kakar shekarar da aka yanke mana jihar Zamfara, ina aji huɗu, muna tsaka da yankan gero sai wata farar mota ta tsaya a bakin gonarmu, arewa da Gurbin Bore. Mutum uku suka fito da takardu da igiyar awo, suna tambayar inda dutsen Bature yake. Ni na yar da lauje, na ruga gaba na nuna musu, har ina washe baki.

Dutsen nan siminti ne dogo, da rubutu gefe biyu. Da can yana kusa da ƙarshen gonar ta arewa, kullum yana karya mana garma. Damina uku kafin zuwansu Baba ya gaji, ya ɗaura masa igiya, shanunmu suka jawo shi kudu zuwa gindin tsamiyar da muke hutawa. A kansa muke wasa fartanya, Inna ta ɗora ƙwaryar fura, mu yara mu mai da shi gida in ana langa. Mu dai abin da muka sani, Nijar ita ce garin su Kawu Isa, inda muke zuwa suna da ƙafa. Ba wanda ya taɓa gaya mana dutsen iyaka ne, wai Ingila da Faransa sun raba gonar kakanmu a kan tebur, ba su ko taɓa ganinta ba.

Daga inda suka tarar da dutsen suka ja igiyarsu. Suka ce duk abin da ke arewa da shi ƙasar Nijar ce. Baba ya ce, "Wallahi ni na jawo shi da shanuna!" Babbansu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, dutsen gwamnati ba ya tafiya."

Da damina ta kewayo jandarmomin Nijar suka tare mu, wasu suka shuke wurin. Hatsi ya kasa kai mu rani, aka cire ni daga makaranta. Da Shari'a ta zo Baba ya sa rigar Juma'arsa ya tafi gaban alƙali, yana cewa yanzu kam gaskiya ta iso. Alƙali ya saurare shi tsaf, ya ce, "Malam, hukuncina a gindin tsamiyar nan ya ƙare." Baba bai sake yankan zangarniya ko ɗaya a can ba har ya rasu.

Yau manyan jami'an ƙasashen biyu na nan suna zama da taswira, suna gardama kan layin, suna cin kaji. Dutsen na nan, ba mai wasa fartanya a kansa. In na bi ta wurin kau da kai nake. Ni na nuna musu shi.