Barkonon Mal-sun Ya Zama Tattasai

Shekara arba'in Mal-sun ta yi tana sayar da kifi a kasuwar garin Tongyeong, amma barkononta ne abin taƙamarta. Irin kakarta ne, ƙanana, masu fitowa shunayya su koma rawaya, sannan ja wur. Duk shekara takan shuka su a tukwanen ƙasa bisa rufin gidanta.

Bana sai suka fito ɓula-ɓula, kore shar. Ta gatsa ɗaya, ta tofar. Ko alamar yaji babu, sai wani zaƙi salam mai tayar da zuciya. Nan ta tuna da tattasan da maƙwabcinta Deok-su ya jera jikin katanga bara, ƙudan zuma na kai-kawo tsakaninsa da barkonon da ta ɗebi irinsa.

"Kai Deok-su! Tattasanka ya gurɓata min iri!"

"Haba Yaya, ai yanzu jikokinki ma sa iya ci."

"Tir! Abin da yaro zai tauna yana dariya, shi ne barkono?"

Ta tumɓuke su kaf, ta watsa wa kajinsa. Washegari ta tafi ƙauye wajen ƙanwarta, ta samo ƙwaya bakwai na tsohon irin, ta shuka su cikin gidan sauro, inda ƙudan zuma ba za su kai ba.