Litinin ɗin Malam Latsa

Shekara tara ke nan Malam Latsa yana aiki a ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da aikin kamfanin gaba ɗaya. Ɗaki ne mai sanyin tsiya, shi ya sa yake yawo da rigar sanyi ko ana zabga rana. Shi ke kula da kundin da ya bayyana yadda ake sa wa sabar ido. Duk Litinin sai ya bi mahaɗan kundin, wato wuraren da ake latsawa shafi ya buɗe, guda ɗari da sha huɗu, ya latsa kowanne, ya karanta shafin da ƙarfi don ya tabbatar shi ne. Wanda ya mutu ya gyara shi. Kalmar sirrin buɗe kundin kuwa duk wata yake sauyawa, kuma ya hana a buga ko shafi ɗaya a takarda. Ko matarsa bai taɓa faɗa wa abin da ke ciki ba, ita da ko tambaya ba ta yi ba.

Abu ɗaya bawan Allah ya manta: a kan sabar ya ajiye kundin.

Wata Laraba da hantsi saba ta ɗauke. Manaja ya shigo yana huci.

"Malam, buɗe shafin abin da ake yi in ta mutu. Idan azahar ta yi ba ta tashi ba, ni da kai duk gida za mu."

Malam Latsa ya latsa. Fari fat. Ya sake latsawa, har da bismilla. Shafin da ya karanta sau ɗaruruwa ya gudu daga kansa, gumi ya jiƙa rigar sanyin. Tsoro ya kama shi sosai, ga 'ya'ya huɗu a makaranta.

Inna mai shara, wadda ke goge ɗakin duk Litinin tun kafin a ɗauke shi aiki, ta jiyo hayaniya tana wucewa, ta jingine tsintsiya a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, ba cewa kake yi a fara kashe baƙin akwatin ƙasa ba, a ƙirga talatin, sannan a kunna na sama? Shekara tara kana cika min kunne da shi."

Aka bi maganarta, saba ta tashi.

Malam Latsa ya kwashe kundin zuwa wani wuri, amma hankalinsa bai kwanta ba. Duk shafin da ya gyara sai ya karanta wa Inna sau biyu. Litinin ta zagayo, kafin ya taɓa kwamfuta ya tare ta a ƙofa.

"Inna, kin tashi lafiya? Biya min shafi na bakwai."

Ta ci gaba da shararta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Faɗi kalmar sirri tukuna."