Sandar Fatsar da Ishaya Ya Yanka Mini

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Ishaya, abokina tun muna lakwal, wato makarantar boko, wanda rabin masu fatsa a bakin tafkin Madarunfa sandarsa suke riƙe da ita. Shi ɗan majami'a ne, ni ɗan masallaci, amma kifi bai taɓa tambayarmu ba.

Ishaya ba ya yanka wa mutum gora sai ya bi shi tafki ya ga inda yake zama. Mai tsayawa a fili yana son jifa bayan bado, doguwa zai samu. Mai shiga jirgi ko mai raɓewa ƙarƙashin itace, gajera. Sai ya gasa gorar a wuta ya miƙar da ita, ya shafe ta da man gyaɗa, ya naɗe mariƙin da robar taya. Kuma yana da wata doka da muke yi masa tsiya a kanta: duk bayan girbi sai kowa ya mayar masa da sandarsa, wai gyara.

Yau samari sanduna suke saye a kasuwar Maradi, irin masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, tsawo ɗaya ga kowa. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don ya san zamani riga ne. Zai dai karɓa ya jinjina, ya tambaya wa aka auna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kafaɗata. Tun bara sandata ta fara yi mini nauyi, in na ɗaga tarwaɗa sai in kwana ina nishi. Ƴaƴana suka samu abin faɗa: Baba ka tsufa, ka bar tafkin nan. Ni kuwa in aka raba ni da tafki ban san abin da zan yi da safiyata ba, kuma gaskiya na tsorata. Abin ya ɗaure mini kai, sanda ɗaya ce fa tun ina da ƙarfina, ba ta taɓa gagarata ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Ranar da na je gaida matar Ishaya, Maman Bulus, na yi mata ƙorafi. Ta yi dariya har da hawaye.

"Malam Idi, kai ma ba ka gane ba? Gyaran nan da yake ce muku, rage ta yake yi daga gindi, kamar faɗin yatsa biyu, ya sake naɗi. Duk wanda ya ga ya fara manyanta haka yake mishi. Cewa yake in ka ce ma namiji ya tsufa, gida za shi ya kwanta."

Ashe shekara da shekaru ina taƙama ƙarfina bai ragu ba, Ishaya ne yake rage mini kaya a ɓoye. Tun da ya tafi babu mai ragewa, ni ina tsufa, sanda tana nan yadda ya bar ta. Kewarsa ta kama ni fiye da ranar da aka binne shi.

Sandunansa za su ƙare, gora ba ta dawwama. Abin da nake fata ya saura shi ne irin wannan taimakon da ba ya kunyata wanda aka yi wa. Na ga alamar ya saura a gidansa, don Maman Bulus ta ce in aiko da sandar, ita ce dama take riƙe masa in zai yi naɗi.

Na aika. Ranar kasuwa aka dawo mini da ita da sabon mariƙi. Ban auna ba, kuma ba zan auna ba. Jiya na koma tafki.