Babbar Waya da Babban Yatsa

Mijina ne yake kaɗa jitar bes a majami'armu a Kafanchan, tun shekarar da aka sake yi wa ginin rufi bayan rikicin tamanin da bakwai. Tsohuwar jita ce ja mai dogon wuya da wayoyi huɗu masu kauri, wani ɗan ikilisiya ya kawo ta daga Jos. Ba wanda ya iya ta sai shi, don ya taɓa bin masu kiɗan otal kafin ya tuba. Ba ya son a tayar da wannan tarihi, ni kuwa nakan tayar duk ranar da ya ba ni haushi.

Da farko ban ga abin so a jitar nan ba. Ba ta da waƙa, sai gum, gum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Kuma tukunyar miyata ce ke shan wahala. Sababbin wayoyi sai an je Jos ko Kaduna, saboda haka in nasa suka dushe sai ya kwance su ya dafa su don datti ya fita. Na sha gaya masa wata rana zan kaɗa musu kuka in kawo masa da tuwo.

Wata Asabar da yamma yana gwaji a ɗaki, ya kira ni.

"Maman yara, zo ki ji wani abu."

Ya taɓa ƙaramar waya ta ƙasa, sannan ya ɗaga babban yatsansa na dama. Babbar waya ta sama, wadda bai taɓa ba, ta kama gurnani ita kaɗai. Har tulun da nake bugawa a zumuntar mata, da ke ajiye a kusurwa, ya amsa. Ya mayar da yatsan ya kwantar a kanta, sai ɗakin ya yi tsit, ƙaramar kaɗai ke magana.

"Kin gani? Waya ɗin nan ba ya jiran a kira shi. In ɗan'uwansa ya yi magana, sai ya sa baki. Aikin mai bes, rabi kaɗawa ne, rabi hana ƙara."

Na ce ashe shi ya sa ya aure ni, don ya sami wurin gwada rabi na biyun. Ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar na fara kallon yatsan nan a lokacin sujada. Yana zaune a kan babbar waya, in kiɗa ya sauka ƙasa shi ma ya bi ya rufe na sama, ba hanzari, ba ƙara. Ba wanda ya taɓa yaba masa a kan wannan, don ba wanda ya san ana yi.

Da aikin reluwe da yake yi ya yi sanyi, aka sallame shi tare da wasu. Gonar citta ba ta karɓe shi ba, ni ce nake riƙe gida da sayar da ƙosai a bakin tasha. Abin da ya rage masa shi ne bencin da yake zama ya kaɗa jita a majami'a, kusa da mawaƙa 'yan kwaya. Ranar Lahadi da sassafe zai goge takalmi, ya rataya jita, ya fita yana tafiya irin ta mutumin da ake jira. Sauran kwanakin mako yana zaune a gindin mangwaro.

Rawar hannun ta fara ne a kofin shayi. Cokali ya riƙa ƙara a jikin kofi alhali ba ya juyawa. Muka je asibiti, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ciwo ne da ba ya komawa baya. Muka yi azumi, Fasto ya ɗora masa hannu, wata Bafulatana da ke kawo mini nono ta kawo saiwa na dafa masa. Hannun dama bai fasa ba.

Abin takaicin shi ne, kaɗawa ba ta gagare shi ba tukuna. In yatsu suna motsi rawar takan lafa. Yatsan da aikinsa zama wuri ɗaya ne, shi ne ya ƙi zama. Yana kan babbar waya yana karkarwa, maimakon ya hana ta magana sai ya riƙa tsokanar ta. Ana tsakiyar waƙar yabo sai ka ji wani ruri yana bin ƙasan majami'a, kwanon rufi yana amsawa, tsofaffi suna waige ko hadari ne ya taso.

Ba dabarar da bai yi ba. Na yanko masa soson katifa ya cusa a ƙarƙashin wayoyin, gurnanin ya ragu amma kiɗan ya zama kamar ana dukan buhun gero. Na yage bakin tsohon zane ya ɗaure wuyan jitar. Ya gwada kwantar da tafin hannu, tafin ma rawa yake yi. Har ya kwance babbar wayar gaba ɗaya, sai ta biyun ta gaji aikin yayarta.

Shugaban kwaya, malamin firamare ne mai ladabi, ya tare ni a bakin tasha.

"Mama, abeg ki yi haƙuri. Jita ɗin Baba yana kuka sosai. Kuma an sayo kibod, shi ma yana yin bes. Dattawa sun ce a duba zuwa Kirsimeti."

Na gaya masa magana son raina, har ƙosai ya ƙone. Amma na san gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ban gaya wa mijina ba, ashe ya riga ya ji.

Sai gurnanin ya ɓace. Lahadi bayan Lahadi, kiɗa fes. Yana kan bencinsa, yatsu suna tafiya, kai yana kaɗawa. Kirsimeti ta zo ta wuce, ba wanda ya sake tayar da maganar. Ni da wautata har na tashi na ba da shaida a zumuntar mata.

Ranar da na gane, layin baiko ne ya bi da ni ta gefensa. Fitilar akwatin sifikarsa tana ci, amma ba abin da ke fita. Na ji wayoyin suna ƙyas-ƙyas a jikin itace, ƙarar da ba ta wuce benci ba. Duk nauyin da ake ji daga kibod yake fitowa. Na ɗauka shugaban kwaya ne ya rufe masa sauti. Na haƙura har muka isa gida, na jefar da ɗankwali na ce yanzu zan je gidan malamin nan, ya gaya mini wa ya ba shi izinin rufe wa dattijo murya a ɓoye kamar yaro.

"Zauna, Maman yara," in ji shi. "Ba shi ba ne. Ni na rufe."

Na zauna, ya ci gaba.

"In na buɗe, za su karɓe jita ɗin. In na rufe, za su bar ni in zauna. Kar ki gaya wa kowa."

Na shiga kicin na yi kuka, na fito na zuba masa abinci, na riƙe masa kwanon don kada miya ta zube.

Lahadi ta gaba ya goge takalmi, ya rataya jita, muka tafi. Da aka tashi, Fasto yana tsaye a ƙofa yana gaisawa da jama'a. Ya kama mijina da hannu biyu, fuskarsa cike da murna.

"Baba, kwanan nan jita ɗin yana fita da tsabta. Tun da na zo majami'an nan ban taɓa jin ka yi kiɗa mai daɗi haka ba."

"Mun gode Allah," in ji mijina.

Ya zare hannunsa ya sa a aljihu, muka kama hanyar gida. Ina bayansa ina kallon aljihun yana rawa.