Sunaye Uku a Bayan Tasi

Ina zaune a ƙofar gidanmu a Iskandariya, kusa da garejin Usta Sabri mai fentin mota, ina kallon wani dattijon da ban sani ba. Dogo ne, rigarsa a goge, gashin bakinsa fari fat. Fentin bayan tasinsa ya tsattsage daidai inda aka rubuta sunayen 'ya'yansa, yadda direbobinmu ke yi: Shaima, Wa'il, Hazim.

Na ce, "Alhaji, kwalliya za a yi wa tsohuwar? Wa zai aure ta?"

Bai ko dube ni ba. Usta yake roƙo: "A bar mini nan wurin."

"Tsatsa na ƙarƙashi, Alhaji. Sai an kankare har ƙarfe."

Ya karɓi samfefa da kansa. Nan da nan ya goge Shaima da Wa'il. A kan Hazim hannunsa ya tsaya, yana shafa harufan da babban yatsa. Ko teku ce ta ci yaron, ko ɓatawa suka yi, ban sani ba.

Usta ya ce, "Sunaye nawa za a mayar?"

"Biyu."

Wannan bakin nawa, da ma yau na baro shi cikin gida.