Tarin Kawu Soket a Cikin Waƙata

Kafin ɗalibi na farko ya iso, Kawu Soket ya riga ya buɗe ɗakin kwamfuta na kwalejinmu, ya goge tebura, ya durƙusa yana lalubar wayoyin da muka tsinka jiya. Mu muka laƙa masa sunan, don gaisuwarsa kullum ita ce, "Wa ya cire mini soket?" Ga shi da surutu, ko da firinta hira yake yi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ban ji ana shirin yi masa komai ba. To, ni zan yi.

A shekarata ta ƙarshe na ce aikin kammala karatuna waƙa ce da ba ta zama a takarda. A allon kwamfuta take, bisa hoton kogin da ke bayan kwaleji, kuma ƙarar ruwan kogin ce ke tafiyar da baitocin kai tsaye. Ruwa ya yi gudu, kalmomi su gangara. Iska ta kaɗa, haruffa su watse kamar ganye. Shugaban sashenmu ya ce wannan wasan yara ne, in kawo waƙar gaske ko in maimaita shekara. Na ce ba zan canza ba. Ƙawayena suka riƙa kirana "mai waƙa da kifi". Na toshe kunne.

Kawu kaɗai ya tambaye ni, "'Yata, ruwan nan ta ina zai shigo kwamfuta?"

Na ce ta wayar hannu: wani ya tsaya a kogi da kira a buɗe.

"Wani wa? Ba ni ke nan ba? Ke dai ba ki iya roƙo ba."

Mun sha wuya. Kwamfutar ta sha ɗaukewa, na sha kuka a ɓoye, shi kuma ya kwance ta ya sake ɗaurawa yana yi mata faɗa. Muka gano sabis ba ya kamawa a bakin kogin, sai an shiga ruwa har gwiwa, kusa da wani dutse. Kuma duk wanda ya riƙe wayar dole ya yi tsit, don ko atishawa za ta tarwatsa baitocin.

Ranar jarrabawa malaman suka makara sosai, Kawu kuwa tuni ya shiga kogi da wayar. Masu wanki a bakin kogi ne suka ba ni labari daga baya: dattijo a cikin ruwa, wando a naɗe, hannu a miƙe, rana tana dukansa. Wata ta ce, "Baba, lafiya? Ko aljanu ne?" Ya ɗora yatsa a leɓe. Mutumin da ba ya iya shiru ko a layin asibiti!

A ɗakin kuwa, baitocina suna gangarowa da ruwa, malamai sun daina duba agogo. Ana kan baitin ƙarshe sai tari ya ƙwace wa Kawu a can kogi. Haruffa suka fashe, suka bazu ko'ina a allon, sannan a hankali ruwa ya tattaro su.

Shugaban sashe ya ɗaga gira. "Wannan kuma fa?"

Na dube shi ido cikin ido. "Malam, mutum ne a cikin kogin. Shi ma yana cikin waƙar."

Na ci jarrabawar. Har yau shugaban bai kira ta waƙa ba, ni kuma ban nemi ya kira ba.

Kawu, kai ne ka tsaya mini lokacin da ba ni da kowa sai taurin kaina. Kai ne ka dawo da jiƙaƙƙen wando kana ba ni haƙuri wai ka ɓata mini aiki, alhali kai kaɗai ne ba ka ga waƙar ba. Uban marasa gata a ɗakin kwamfuta, na gode. Allah ya ba gwiwoyinka lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku da ke riƙe da makullan ɗakuna irin nasa, idan yarinya ta zo muku da abin da ba ku taɓa gani ba, kada ku fara da dariya. Ku tambaye ta ta ina ruwan zai shigo.

Na adana waƙar kamar yadda ta fito ranar. An ba ni shawara in goge tarin. Ba zan goge ba.